Ni a Rijiya, Iliya a Bakin Igiya

Tun da muka dawo daga Nijar ban huta ba. A coci a tare ni, a bakin famfo a tare ni, har Mama Chidi mai shagon da ke jikin nawa a kasuwar Sabon Gari ta daina yi mini ina kwana, sai dai ta leƙo ta ce, "Maman Iliya, da gaske kin shiga rijiya, abi?" Na ba da labarin har bakina ya yi tsami, kuma duk wadda ta ji sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai wa ta gaba. Jiya wata 'yar zumuntar mata ta rantse mini cewa faɗawa na yi, raƙumi ya jawo ni. Shi ya sa yau na rufe keken ɗinkina na zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi wa mutane ɗinkinsu.

Wanda bai san Iliya ba ba zai gane dalilin tafiyar ba. Iliya autana ne, shekararsa goma sha biyar, yayyensa mata duk sun bar gida. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, ba ya yi wa babba rashin kunya. Abu ɗaya ne Allah ya manta bai sa masa ba, shi ne tsoro. Yana ɗan shekara huɗu ya diro daga katangar gidanmu a Hayin Dogo da lema a hannu. Da ya ƙara wayo ya koma hawa tankin ruwan unguwa. Da muka saya masa keke don zuwa makaranta, sai ya gano cewa idan ya kama bayan tirela a Palladan ba ya bukatar taka feda har Kwangila. Mai ɗorin da muke zuwa a Jushi ya saba da mu har idan ya hango ni ba ya gaisuwa, sai ya ce, "Madam, yau hannu ne ko ƙafa?"

Mutane dariya suke yi, ni ma ina taya su. Amma ku tambayi duk uwar da ke da irin yaron nan. Idan wayata ta yi ƙara na ga lambar da ban sani ba, sai na zauna tukuna kafin in ɗauka. Ina cikin ɗinki zan ji an taka birki da ƙarfi a titi, sai in ga allura ta bar layi. Na yi duka, na yi kuka, na kai shi wurin fasto, na hana shi nama. Amsarsa ɗaya ce kullum, da wannan murmushin nasa mai sa mutum ya rasa inda zai ajiye fushi: "Mama, ai ba abin da zai faru."

Ana saura kaɗan hutun Ista, sai ya yi wadda ta fi duka. Ya hau kan ƙarfen gefen gadar Kwangila ya taka shi da ƙafa, hannuwa a buɗe, motoci na wucewa a ƙasa, don kawai wani abokinsa ya ce ba zai iya ba. Wani ya ɗauka a waya, kuma a wurin aiki babansa ya gani. Baban Iliya mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya dawo gida ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, sannan ya ce hutu na ƙarewa Iliya zai koma wurin baffansa Bulus, soja, ya zauna a bariki har ya gama sakandare. Ni kuwa na san Bulus, na kuma san ɗana. Yaron da ba ya tsoron tirela ba zai ji tsoron bel ba, sai dai a mayar mini da shi mai taurin zuciya, ko ya haura katangar bariki a harbe shi.

A makon ne Gwaggo Laraba ta aiko da saƙon murya. Ƙanwar babana ce, ta auri wani ɗan kasuwa Musulmi tun ina goye, ya tafi da ita ƙauyensu gaba da Matamai, a ƙasar Nijar. Ta ce ta tsufa, tana so ta ga 'yar wanta da ido kafin Allah ya yi kira. Na roƙi Baban Iliya ya bar ni in tafi da yaron, ko ya ga wata duniya hankalinsa ya zauna. Ya dube ni. Ya ce, "Ki tafi da shi. Idan ya dawo yadda ya tafi, bariki ne, kuma kada ki sake yi mini maganar."

Da safe muka hau mota a Kwangila, a ƙarƙashin gadar da ya taka ɗin. Na ga ya ɗaga kai yana kallonta kamar tsohuwar budurwarsa, na dungure masa ƙeya. A cikin mota na sa shi a tsakiya, ni a gefe ɗaya, wata mai jego a ɗaya gefen, na kuma ƙulla gefen rigarsa da bakin zanena ba tare da ya sani ba. Mun wuce Tashar Yari lafiya. Muna tsayawa a Kwanar Dangora ya zabura zai fita ya ga wani babur mai ƙara, sai ga shi ya tafi da rabin zanena. Duk motar ta kwashe da dariya, mai jegon ta yi ta yi har jaririnta ya farka. Wani dattijo a gaba ya juyo ya ce, "Hajiya, akuya ake ɗaurewa." Na ce masa, "Baba, ai akuya tana jin kira."

A Kano muka sauya mota zuwa Daura. Direban wani siriri ne mai hula a karkace, gudu yake kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Mu mata muna ta roƙonsa ya sassauta, ɗana kuwa ya leƙa ta kafaɗarsa yana tambaya, "Oga, iyakarta ke nan? Ba ta wuce haka?" Na matse masa cinya har sai da ya ce wash. A Daura muka ci shinkafa da wake a tasha, na saya wa Gwaggo goro, muka shiga wata tsohuwar mota da ke zuwa kan iyaka a Kwangwalam.

Ni da nake jin ana cewa boda, na ɗauka zan ga wata ƙatuwar ƙofa da katanga har sama. Ashe sanda ce a gicciye da 'yan ofisoshi, sai masu canjin kuɗi da masu babura ko'ina. A ɓangarenmu an duba katinmu an ce mu wuce. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo baƙi ya karɓi katina ya juya shi, ya tambaye ni ina za ni, wurin wa, me na ɗauko. Hausarsa tsaf, sai dai yana jefa Faransanci a ciki yadda 'yan jami'ar Samaru ke jefa Turanci. Da na ce buhun masara ne da man ja na kawo wa gwaggona, ya ce, "To, ina yaron da kika ce kuna tare?"

Na juya, babu Iliya.

Duk wanda ya taɓa ganin manyan motocin da ke shiga Nijar ya san yadda ake loda su, kaya a kan kaya, katifu da jarkoki da kekuna a rataye, har motar ta ninka tsawonta. To, can a ƙololuwar ɗaya daga cikinsu na hango jar rigar da na ɗinka da hannuna. Yana zaune a kan buhuna yana taya yaran mota jan igiya, har da ɗago mini hannu. Jandarman ya bi inda nake kallo, ya cire tabarau, ya ce, "Wancan naki ne?" Na so in ce ban san shi ba. Ya miƙo mini katina ya ce, "Madam, ku wuce. Allah ya ba ki haƙuri, kin fi mu aiki."

Yamma ta yi mana a Matamai, muka sauka a gidan Sani, ɗan Gwaggo na biyu, malamin makaranta. A can ba sa cewa malam ga na boko, mushe suke ce masa, makarantar kuma lakwal. Matarsa Hadiza ta tarbe ni kamar tare muka tashi. Tana jin maganata ta fara dariya, wai Hausar Zariya kamar mutum na sauri zai kama mota. Na ce tata kuma kamar mutum na jan guga. Daga nan muka shirya.

Abinci kam na ci. Ta kawo wani kwaɗon zogale da suke kira kopto, an murza shi da ƙuli da albasa da barkono, na ci har na ji kunya. Da safe aka kawo burodinsu, dogo siriri mai tauri kamar muciya, ana saƙale shi a hammata a taho da shi daga kasuwa ba leda. Na gatsa na ji haƙorina ya yi ƙara. Iliya ya ɗauki nasa ya fara wasan sanda da yaran gidan. Shayi kuma ba irin namu ba ne na kofi guda da madara a sha a tashi. A ɗan ƙaramin kofin gilashi ake ba ka, na farko ɗaci kamar maganin zazzaɓi, kuma idan ka tashi kafin a zagayo da na ƙarshe ka yi rashin ladabi. Na zauna ina jira, ido ɗaya a kan butar shayi, ɗaya a kan bishiyar darbejiyar da ke tsakar gida, don na ga yadda yaron nan ke auna ta.

Daga Matamai zuwa ƙauyen Gwaggo babu kwalta. Sani ya samo mana amalanken shanu da ke komawa daga kasuwa, muka hau kan buhuna har da shi, don ya ce zai raka mu. Rairayi ne har gwiwar shanu, rana kuma ta buɗe sosai. Ban taɓa ganin Iliya cikin wahala irin ta ranar ba. Ba zafin ne ya dame shi ba, rashin gudun ne. Ya roƙi mai amalanken ya ba shi tuƙi, ya yi wa shanun tsawa da Hausa, ya gwada da Turanci, ko kunne ba su kaɗa ba. Ni kuwa na jingina da buhun gero na ce a raina, da a ƙasar nan na haife shi da ban yi hawan jini ba.

Gwaggo Laraba da ta ce tana jiran kiran Allah, a tsaye muka same ta tana yi wa wata akuya masifa. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, haƙora kaɗan, ido kamar na yarinya. Ta rungume ni tana kuka tana kiran sunan babana, ta sake ni, ta kama kunnen Iliya ta juya fuskarsa hagu da dama. Ta ce, "Wannan ne mai tafiya a kan gada?" Ashe hoton har nan ya iso. Na zauna na zazzage mata komai, da bariki, da Bulus, da wayar da nake tsoron ɗauka. Ta saurara tana dama fura a wata ƙwarya da za a iya yi wa jariri wanka a ciki. Ba ta ba ni shawara ko ɗaya ba. Ta ce in sha fura.

Kwana biyu muna zaune lafiya, don ƙauyen babu abin hawa sai rumbuna, kuma ya gama da su tun ranar farko. Sai ya gano cewa a bayan gari ana haƙa sabuwar rijiya.

Da na je nemansa na tarar da rabin gari a wurin. An kafa itatuwa uku a bakin ramin, an rataye ƙarfe mai juyawa, igiya mai kauri ta bi ta kansa. A bakin igiyar an ɗaure wata gajeriyar sanda, mai haƙa ya zauna a kanta kamar lilo, maza su riƙa sakin igiya a hankali har ya kai ƙasa. An zagaye bangon da siminti, kuma sun ce saura ƙiris su cimma ruwa. Shugaban masu haƙan, Malam Idi, wani kakkauran mutum mai furfura a gemu, yana zaune yana shan ruwa, don yanzu ya fito daga ciki. Ɗana kuwa yana durƙushe a gabansa yana magiya.

Malam Idi ya gan ni ya ce, "Yawwa, ga uwarsa. Tun ɗazu yake roƙo a saka shi. Na ce mu ba ma saka ɗan mutane sai da yardar mai shi."

Kowa ya zuba mini ido. Iliya ya taso ya kama hannuna. "Mama, don Allah. Sau ɗaya. Ai ba abin da zai faru."

Wannan kalmar ce ta hau mini kai. Na san idan na ce a'a, zai jira masu haƙan su tafi cin abinci ya zura kansa shi kaɗai. Idan na ce i, na zama uwar banza. Ban san daga ina maganar ta fito ba, na dai ji bakina ya ce, "Na yarda. Amma ni zan fara shiga in duba wurin."

Wallahi barazana na yi. Na ɗauka maza za su ce mace ba ta shiga, in ce to shi ma ba zai shiga ba, mu koma gida. Aka yi dariya, Malam Idi ya fara girgiza kai, komai na tafiya yadda na tsara. Sai na ji muryar Gwaggo a bayana, ashe ta biyo ni da sandarta. Ta ce, "Idi, 'yar wana ce. Tun da ta ce za ta shiga, a saka ta." Ta aiki wata jikarta ta ɗauko wandon marigayi mijinta a ƙasan akwati.

Ku da kuka san ni kun san ni ba ƙaramar mace ba ce. Na sa wandon a ƙarƙashin zane, na tamke ɗankwali, Malam Idi ya dube ni sama da ƙasa ya ce a ƙaro maza biyu a igiya. Matan gari suka fara guɗa. To, ta ina zan janye a gaban mutanen Nijar, ni kaɗai ce 'yar Najeriya a wurin?

Aka zaunar da ni a kan sandar, aka zagaya wata igiyar a ƙuguna aka ƙulle. Sai Malam Idi ya kira Iliya. Ya ce a aikinsu, duk wanda ya shiga rami, jininsa ne ke riƙe gaban igiya, wa ko ƙane ko ɗa. Na baya ƙarfi kawai suke bayarwa. Na gaba shi ke jin duk motsin wanda ke ciki a tafin hannunsa, shi ke cewa a saki, shi ke cewa a tsaya, kuma ba a ba bare wannan wurin. Ya ɗora igiyar a hannun yaron ya ce, "Uwarka ce. Ka riƙe."

Na ga murmushin nan ya fara raguwa. Ya ce, "Mama, ki bari mana. Wasa kike yi, ko?"

Na ce, "Ai ba abin da zai faru."

Aka tura ni tsakiyar ramin. Farkon saukar ban ga komai ba, don idona a rufe yake gam, ina karanto duk addu'ar da na iya tun ta makarantar Lahadi. Ƙarfen yana ƙara, ina juyawa a hankali kamar naman da aka rataye. Sai na ji zafin ranar nan da ya gasa mu kwana da kwanaki ya ɗauke. Wani sanyi ya taso daga ƙasa mai ƙamshin sabuwar tukunya. Na buɗe ido ɗaya. Na ɗaga kai na ga sama ta koma kamar faifai, kawunan mutane sun zagaye ta, hayaniyarsu ta yi nisa.

Jama'a, abin da ban faɗa a coci ba ke nan: daɗi na ji. Cikina ya yi wani irin sakayau, dariya ta taso mini ba dalili. Na yi gyaran murya na ji rijiyar ta amsa mini da muryar da ta fi tawa kyau. Sai na ɗauko waƙar zumunta, ni da ake sa ni a layin baya saboda muryata, na rera ta, rijiya na yi mini amshi. Na tokari bango da ƙafa na yi lilo zuwa ɗaya gefen, na sake tokara na dawo. Shekara da shekaru ina tambayar yaron nan me yake samu a cikin abin da yake yi, bai taɓa iya gaya mini ba. Ga shi na samu amsar a cikin wandon mijin Gwaggo.

Daga sama na ji muryarsa ta sauko, siririya. "Mama, ki daina motsi. Mama, ki daina, igiyar tana rawa."

Na ƙara tokarar bangon sau ɗaya, sannan na bari.

Ƙafata ta taɓa ƙasa. Rairayi ne mai laima, na dama shi da yatsu na ji ruwa na tsattsafowa. Na tsaya shiru ina kallon ɗan hasken da ke sama. Igiya ta saki a hannunsu, waƙa kuma ta tsaya. Sai na ji ya kira, "Mama?" Na buɗe baki zan amsa, sai na tuna ranar tankin ruwa, da ranar tirela, da duk yammacin da na tsaya a bakin titin Samaru ina leƙen kowace jar riga. Na rufe bakina. Ya sake kira. Na ukun ba kira ba ne, ihu ne, irin wanda rabona da ji daga bakinsa tun yana goye: "Mama! Ku jawo ta, ku jawo ta!"

Nan na ji tausayinsa ya kama ni, na ja igiyar yadda aka koya mini, na ce, "Ina nan, ɗan nema, ina nan."

Da kaina ya fito, mata suka ɓarke da guɗa, Gwaggo na dariya har tana riƙe ciki. Aka jawo ni gefe aka kwance ni. Iliya bai saki igiyar ba sai da Malam Idi ya ɓamɓare yatsunsa. Tafin hannunsa duk ya saɓule, don ya ƙi yarda na baya su ɗauki nauyin, shi yake ta ja shi kaɗai. Fuskarsa hawaye da majina. Ya tsaya a gabana yana haki, ya fara yi mini faɗa a gaban gari guda.

"Me ya sa kika yi shiru? Ina kira kina ji. Idan igiyar ta tsinke fa? Idan iska ta ƙare miki a ciki? Me zan gaya wa Baba? Ke ba ki tunanin mutane ne?"

Ban ƙara ko kalma a ciki ba, duk faɗan da nake yi masa ne, har yadda nake ɗora hannu a ƙugu. Shi ma yana kaiwa ƙarshe ya ji abin da ya faɗa. Ya dubi hannuwansa. Can ya ce a hankali, "Haka kike ji?"

Na ce, "Kullum. Tun kana shekara huɗu."

Ya sunkuyar da kai. Na kama hannuwan na hura masa, na ce, "Ni ma yau na ji abin da kake ji. Akwai daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba."

Malam Idi ya bari muka gama, sannan ya ce, "To, saurayi, uwarka ta duba wuri. Za ka shiga ko ka fasa?" Ni na ɗauka zai ce ya fasa, in dawo Zariya in ba da shaida a coci. Ina. Iliya ne fa. Ya share fuska ya ce zai shiga. Amma ya juyo ya tambaye ni tukuna, abin da bai taɓa yi ba. Ya duba ƙullin igiyar da kansa, ya sa aka sake ɗaure shi. Aka naɗe masa hannu da tsumma, aka ba ni gaban igiya. Tun daga bakin ramin har ƙasa bakinsa bai rufu ba: "Mama, ina nan. Mama, lafiya lau. Mama, na kusa. Mama, na taka ƙasa, kina ji na?" Har wani daga cikin masu ja ya ce a jawo shi haka nan, ya cika musu kunne.

Dawowa ba wani labari, sai kilishi da dabino da Gwaggo ta cika mana jaka, da jandarman nan da ya gane mu ya tambaya ko an samu sauƙi. Na ce ana samu. Abin da ban sani ba shi ne Sani ya ɗauki shigata rijiya a waya, kuma hoton ya riga mu isowa Samaru.

Mun tarar da Baban Iliya a zaune a ƙofar ɗaki da waya a hannu. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya sake dubana. Ya ce, "Na ba ki yaro ki gyaro shi." Na ce, "Sannu da gida." Ya ce, "Zan kira Bulus in tambaye shi ko yana da ɗaki biyu." Sai Iliya ya durƙusa ya nuna masa hannuwansa, ya ba shi labarin da kansa, har wurin da na yi shiru a ƙasa. Babansa ya saurara har ƙarshe. Bai ce an fasa bariki ba, shi ba ya janye magana da baki. Amma hutu ya ƙare, an koma makaranta, kuma har yau Iliya a gida yake kwana.

Kada wata ta ce na ce a kai yara rijiya. Kuma kada ku ɗauka ya zama waliyyi. Tirela dai ya bari, gada ma ya bari, amma ranar Asabar iska ta karkatar da dish ɗinmu na talabijin, kafin in rufe baki yana kan kwano. Ina tsakar gida da wanki a hannu, na kasa ɗaga kai. Sai na ji daga sama, "Mama, ina nan. Na riƙe da kyau. Kina ji na?"

Na ajiye wankin na ce, "Ina jin ka. Ci gaba da magana har ka sauko."